Gangar Ƙoshi ta Birnin Sarki Ranau

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya halicci ƙafa ya sa mata ƙaiƙayi. Ni ne Jatau ɗan Barmo, makaɗi jikan makaɗa, wanda ya sha ruwan rijiyoyin da ba su ƙirguwa, ya sauka a garuruwan da ko sunansu bai riƙe ba. Ku matso ku gyara zama, in ba ku labarin abin da ya raba ni da gida, da abin da idona ya gane mini a Birnin Ƙoshi.

A garinmu, Sabara, na yi wa sarakuna uku kiɗa cikin shekara tara, kowannensu kuwa sai da ya kawar da na gabansa kafin ya hau. Kirari ɗaya na yi musu duka, suna kawai nake canjawa, amma kowannensu ya lumshe ido ya gyaɗa kai kamar don shi aka ƙaga shi. Wata rana ina cikin zuga na ukun a bakin kasuwa, sai na hangi ɗan sarkin da na fara yi wa kiɗa, ya koma ɗan dako, da damin itace a ka, ya tsaya yana dubana. Kunya ta kama ni har gula ta kusa suɓuce mini. A ranar na rantse ba zan sake zama wuri ɗaya ba sai na sami sarki guda a duniya wanda zan yi wa kiɗa ba tare da na yi ƙarya ba. Na rataya gangata na kama hanyar gabas, ko sallama ban yi da kowa ba.

Bayan wata huɗu na ratsa dajin nan da itatuwansa ke matsowa su toshe hanya duk sanda matafiyi ya waiwaya, na fito da wuya a sanƙare, na isa garin Kewaya. Mutanen nan sun gaji da sarakuna, sai suka raba sarauta tsakaninsu. Jar hula ce guda ɗaya, kullum da safe ta koma gida na gaba, wanda ta faɗa wa shi ne sarki har wata safiyar. Na ce a raina, to, na iso. Ban yi kwana goma ba na gane cewa kowa yinin sarautarsa yake ƙarewa wajen rama abin da na jiya ya yi masa. Da layi ya zo kan masaukina aka ɗora mini hular, don baƙo ma ba ya tsira. In gaya muku gaskiya, ta yi mini daɗi. Kafin hantsi na sa wani mahauci da ya taka mini ƙafa a kasuwa ya durƙusa yana yi mini fifita, alhali ko zafi ba na ji. Sai da azahar wata mai tallar fura ta raɗa mini cewa gidan mahaucin ne na gaba. Nan da nan na ba da umarni a buɗe ƙofar gabas, kuma kada kowa ya biyo ni, sarki zai keɓe ya yi addu'a. Na rataye musu hularsu a reshen tsamiya, na ranta a na kare.

Daga nan na faɗa ƙasar Duwatsu Masu Baki. Sarkinsu ya kori mashawartansa kaf, ya ce kogon da ke bayan fadarsa ya fi su hankali, don bai taɓa yi masa musu ba. In an kawo shari'a sai ya tsaya a bakin kogon ya ɗaga murya, abin da kogon ya maido shi ne hukunci. Aka kama ni don na taɓa ganga ba da izini ba. Ina tsaye a ɗaure cikin masu jiran hukunci, na lura wutsiyar magana kaɗai kogon ke maidowa. Da aka zo kaina na faɗi na ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne ƙasƙantacce, ban isa a ambaci alherina kafin fushinka ba. A fara da kisan, sakin ya zo daga baya." Wannan ladabi ya burge shi ƙwarai. Ya tambayi kogon ko a kashe ni ko a sake ni, kogo ya ce a sake ni. Fadawa suka shiga mamakin rahamar dutse, ni kuwa ban tsaya taya su ba.

Wasu fataken gishiri ne suka fara ba ni labarin Birnin Ƙoshi. Suka ce akwai sarki a can, Ranau, wanda ba ya sa loma a baki sai talakansa na ƙarshe ya ci ya ƙoshi. Na bi su wata biyu ina ƙosawa da tafiyar raƙumansu, har muka hangi ganuwar birnin a bakin wata makekiyar fadama.

Abin da suka faɗa gaskiya ne. Unguwa bakwai ce a birnin, kowace da gangarta. Kullum bayan la'asar mai unguwa zai bi gida gida da makaɗinsa a baya, ya kira kowa da sunansa ya ce, "An ƙoshi?" Wanda aka kira ya amsa, "Na ƙoshi, sarki ya ci." In an gama zagaye sai makaɗi ya hau dakalin unguwa ya buga. Sai sarki ya ji ganguna bakwai ɗin da kunnensa sannan yake ɗaga faifai daga kan akushi, sau ɗaya a yini. Kakansa ne ya kafa al'adar bayan wata yunwa da ta cinye rabin birnin. Ranar da na fara jin gangunan suna amsa wa juna hawaye suka zubo mini, na ce yawona ya ƙare.

Na yi sa'a makaɗin Unguwar Magina, ta bakwai, ya rasu ba magaji. Mai unguwa Tunau, wani mai tumbi da saurin dariya, ya ji hannuna sau ɗaya ya ɗauke ni. Ladana riga ce duk shekara da abinci sau biyu a yini, amma a zaurensa zan ci, ba a fita da shi. Ya sauke ni a gidan wata tsohuwa mai ginin tukwane, Inna Tabawa, wadda mijinta ya rasu, ba ta da kowa. Ƙaramar mace ce mai kaifin baki, tun ranar farko ta ce kan nan nawa ya yi kama da tulun da aka gina cikin gaggawa. Muka saba nan da nan.

Sannu a hankali abubuwa suka fara tsaya mini a rai. Na ga mutanen unguwar leɓunansu na ƙyalli da mai, amma wuyansu kamar sillen kara. Na ga magidanta zaune a ƙofar gida suna sakace tun kafin a sauke tukunya. Na kuma ga wasu tsage-tsage da aka yi da wuƙa a dokin ƙofar gidaje da yawa. A na Inna Tabawa guda biyu ne.

Na tambaye ta, ta kau da kai ta ce, "Kai dai ka cika tone-tone, ɗan nan." Da na matsa sai ta gaya mini. A zamanin kakan sarki, wanda ya ce yana jin yunwa buɗe masa rumbun fada ake yi. Da tafiya ta yi tafiya, masu tsaron rumbun suka ga hatsin ya fi kyau a gidajensu. Sai aka ce mai kukan yunwa rago ne, kuma maƙiyin sarki, tunda shi ke hana sarki cin abinci. Yanzu in ka faɗa sau ɗaya a ba ka tuwo a tsaga maka ƙofa. Na biyu ma haka. Na uku a fitar da kai Fadamar Korarru, inda ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba, sarki kuwa a gaya masa ka tafi noma sabuwar gona.

"To ke, Inna, kina ci kuwa?"

"Ba ka ga hayaƙi a murhuna ba?"

Hayaƙi kam ina gani kullum. Wata rana da ta zagaya bayan gida na ɗaga murfin tukunyar, na tarar ruwa ne zalla ke tafasa. Hannunta ya fara rawa tun bara, tukwanenta na tsagewa a wuta, ba mai saye. Abin da take samu bai wuce ɗan tsaki da ganyen da take tsinka a gindin ganuwa ba, wani yinin ma babu. Kwanon ɗumamen da ta tarbe ni da shi ranar da na sauka, ashe abincinta ne na kwana biyu. Na tuna yadda na suɗe kwanon har ina yaba miyar, na ji na tsani kaina.

Na fara satar dawo daga zauren mai unguwa ina cusawa cikin ganga ta wata ƙofa da na huda a gefe, ina kai wa Inna. Kwana tara muna haka, har ta fara samun ƙarfin zagina da kyau. A na goma Tunau ya ja ni gefe, yana murmushi kamar kullum.

"Makaɗi, gangarka ta daina amo. Ni ban ga komai ba, amma ka sani, abincin da aka kai wani gida shaida ce cewa akwai yunwa a gidan. Tsaga biyu ne a ƙofarta. Kana sonta, ko kana so ka kai ta fadama?"

Na daina. Na zuba ido tana ƙanjamewa, kullum kuma da la'asar in tsaya bayan Tunau in ji ta ce ta ƙoshi, sannan in hau dakali in buga wa birni duka cewa gaskiya ta faɗa. Ni da na baro gida don gudun ƙarya, ga ni ina yinta kullum a kan lokaci, da riga sabuwa. Zama ya gagare ni, sai in yi ta kai da kawowa a tsakar gida har ta ce in fita ina sa mata jiri. A ƙarshe na ce a raina, sarkin nan ai mutumin kirki ne, ɓoye masa ake yi. In ya ji da kunnensa, komai zai gyaru.

Ran nan aka gama zagaye, na hau dakali, na ajiye gula a cinyata na zauna. Ganguna shida suka tashi suka yi shiru. Tunau ya roƙe ni, ya zage ni, ya so ya fizge gular ya buga da kansa, amma ya san sarki ya san hannun kowane makaɗi. Rana ta faɗi ban buga ba. Gari ya waye, aka sake yini, mutanen unguwa suka kewaye dakalin suna tsine mini, har da waɗanda na san rabonsu da tuwo ya kai kwana uku. A la'asar ta biyu sarki ya aiko a zo da ni.

Na same shi zaune a kan buzu, dattijo ne siriri, idanunsa sun faɗa, akushi na gabansa a rufe. Da gaske bai ci komai ba tun shekaranjiya. Ya ce da ni cikin taushin murya, "Makaɗi, wa ke jin yunwa a birnina?" Na faɗi na zayyana masa komai, man da ake shafawa a leɓe, tukunyar ruwa, tsagar ƙofa, rumbunan da suka koma gidajen bayinsa. Fadawa suka yi tsuru-tsuru. Idon sarki ya ciko da ƙwalla, ya ce a ɗauko masa tsohuwar.

A kan gadon kara aka ɗauko ta, don ba ta iya doguwar tafiya. Ta durƙusa, ta ɗago kai ta dube shi, na ga tausayi ya rufe mata fuska. Ya ce, "Inna, kada ki ji tsoron kowa. An ƙoshi?"

"Na ƙoshi, sarki ya ci."

"Ki gaya mini gaskiya."

"Allah ya ja zamaninka, na ƙoshi. Baƙo ne, bai san mu ba. Ka ci abinci, dubi yadda ka koma."

Ina kusa da shi, na kuma ga abin da na gani. Ƙasusuwan wuyanta a fili suke, makaho ma zai shafa ya gane. Sarki ya dube su. Amma yatsunsa sun riga sun kai bakin faifai tun kafin ta rufe baki, kuma ajiyar zuciyar da ya yi ta wanda aka sauke wa kaya ce. Bai tambaya sau na uku ba. Yana son talakawansa, ban musa ba, sai dai ya fi son ya ji sun ƙoshi. Aka yanke mini hukuncin maƙaryacin da ya kwanar da sarki da yunwa, aka farke fatar gangata da wuƙa, aka tisa ƙeyata zuwa Fadamar Korarru.

Na shiga ciyayin ina jiran in fara tuntuɓe da ƙasusuwan mutane. Sai na ji ƙamshin kifi. Tafiyar hantsi ɗaya daga ganuwa na tarar da bukkoki a kan turaku, da kwalekwale, da shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. Wani ƙaton mutum mai suna Nomau, wanda dā maƙeri ne a birnin, ya zaunar da ni ya tura mini kwano. Ya ce na farkon da aka koro sun mutu da yawa, na bayansu suka koyi kamun kifi da shuka a cikin ruwa. Na ce me ya hana su aika wa 'yan'uwansu labari? Ya yi dariya ya ce sun aika, ba wanda ya yarda, don a birni an san korarre matacce ne.

Loma uku na yi na tuna da Inna Tabawa. Ashe abin da na yi ta tsoron kada ya same ta, shi ne kaɗai zai cece ta.

Magina daga bakin fadamar ake kai musu yumɓu kullum da safe. Nomau ya samo mini jaki da mangala, na shafe fuskata da jikina da laka har uwata ba za ta shaida ni ba, na bi ayarin masu yumɓu na shige ta ƙofar yamma. Na same ta kwance a tabarma, tukunyar ruwan nan na kan wuta. Da ta gane ni ta ce, "Kai ne? Ba ka mutu ba, mai kan tulu?" Na gaya mata abin da na gani, na ce ta tashi mu tafi.

"Ba inda za ni. In aka kira sunana da la'asar ba a ji ni ba, ganga ba za ta tashi ba. Kwana biyu ka sa bawan Allah nan ya yi da yunwa, ba su ishe ka ba?"

Na lallashe ta, na yi fushi, na kusa kuka, ko gezau. Sai na koma sana'ata ta gado. Na ce mata to shi ke nan, amma na gano wani ramin yumɓu mai laushi wanda ba ya tsagewa a wuta ko da hannu na rawa, ta zo ta taɓa shi da kanta, in maido ta kafin azahar. Idonta ya yi haske. Na naɗe ta a gefe ɗaya na mangalar, na rufa mata buhu, na zuba fasassun tukwanenta a ɗaya gefen, kuma sai da na rage tukwanen, don sun rinjaye ta. A bakin ƙofa na ce wa masu gadi juji zan kai, suka toshe hanci don warin lakar jikina suka ce in wuce.

Da ta ga bukkokin ta gane na yaudare ta. Ban taɓa shan zagi irin na ranar ba, kuma na sha da yawa a duniya. Ta ce in maida ta, na ce jakin ya gaji. Ta yunƙura za ta koma da ƙafa, taku biyar ta zube. Matan fadamar suka ɗauke ta suka zaunar a inuwa, matar Nomau ta ɗora mata kwanon shinkafa da kifi a cinya, tururi na tashi. Ta ƙi ko dubansa. Ta juya fuskarta wajen birni.

"Ba zan ci ba. Yanzu haka suna can suna nemana gida gida, shi kuma yana zaune da akushi a rufe saboda ni. Ya ci tukuna."

Muka zauna muna jira tare da ita, abincin na hucewa. La'asar ta yi sanyi. Amon ganga yana tafiya nesa a kan ruwa, sai ga ta farko ta iso mana sarai, ta Unguwar Maƙera. Ta biyu ta bi, ta uku ta bi. Tana ƙirgawa da yatsunta masu rawa. Da ta shida ta yi shiru sai Inna ta dafe ƙirji ta runtse ido, tana jiran shirun da za a yi dominta.

Ta bakwai ta tashi nan take, daidai lokacinta na kullum.

Inna ta buɗe ido. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

"Ko ɗan jinkiri ba su yi ba," in ji ta. "Shekara arba'in da ɗaya ina amsa masa." Sannan ta dube ni. "Jatau, wa ya ce na ƙoshi?"

Ta miƙa hannu aka zuba mata ruwa ta wanke, ta gyara zama ta ba ganuwar baya, ta fara ci a hankali, hawaye na sauka cikin kwanon.

Iyakar abin da na gani ke nan, ni Jatau ɗan Barmo, ban ƙara ba ban rage ba. Allah ne masanin abin da ya ɓuya mini.